Atisayen Dira da Zabura da Kariyar Tsoka da Jijiya ga 'Yan Ƙwallon Ƙafa: Misali daga Kusa, Jibiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda atisayen dira da zabura, watau filayometirik, yake kare tsoka da jijiyar ɗan ƙwallo, da kuma sharuɗɗan yin sa a filayen karkara irin na Kusa, a ƙasar Jibiya ta Jihar Katsina, dab da iyakar Nijar.

2.0 Asali da Yadda Yake Aiki

Yuri Verkhoshansky na Tarayyar Sobiyat shi ne ya yi fice wajen tsara wannan atisaye a shekarun 1960, sa'an nan Fred Wilt, Ba'amurke, ya raɗa masa suna a 1975. Idan ɗan wasa ya diro, tsokar cinya da ta sha-raɓa da agara sukan miƙe, su tara ƙarfi kamar tsirkiyar baka da aka ja; in ya zabura nan take, sai ƙarfin nan ya harba shi sama. Yawan maimaitawa yakan ƙarfafa jijiya, ya kuma saba wa ƙafa sauka daidai.

3.0 Hujja daga Bincike

A 2006 hukumar FIFA ta fito da shirin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, wanda tsalle-tsalle ke cikinsa. Wani bincike da Owoeye da abokan aikinsa suka yi kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, aka buga a 2014, ya nuna shirin ya rage raunuka da kashi 41 cikin ɗari. Sai dai shirin ya haɗa da gudu da ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa, don haka ba tsalle kaɗai ya kawo wannan raguwa ba.

4.0 Sharuɗɗan Yin Sa a Karkara

Filayen karkara ba su da ciyawa, kuma da rani ƙasa takan bushe ta zama faƙo. Dira a kan faƙo takan jigata agara da gwiwa, musamman da yake jijiya ba ta saurin sabo da nauyi kamar tsoka. Saboda haka ya kamata mai horarwa ya zaɓi wuri mai ɗan rairayi, ya fara da ƙananan tsalle da ƙafa biyu kafin na ƙafa ɗaya. Sabon shiga kada ya wuce dira 80 zuwa 100 a rana, sau biyu a mako, da hutun aƙalla awa 48 a tsakani. A sauka a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba ta karkata ciki ba. Mai targaɗe ya dakata har ya warke.

5.0 Kammalawa

Wannan atisaye ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Kariyarsa ta dogara ne ga zaɓen wuri da kiyaye adadi, kuma waɗannan suna hannun mai horarwa.