KULA DA KUROS NA SANDAR TARAKTA

Malam manomi, in kaka ta yi a Tsohon Birnin Gwari, sau da yawa hayar tarakta da injin casar masara kake yi. Ko injin ba naka ba ne, in ya tsaya a gonarka, masararka ce za ta kwana a fili. Don haka ka san sandar ƙarfen nan mai kai ƙarfi daga bayan tarakta zuwa injin.

MENE NE KUROS?

A kowane ƙarshen sandar akwai gaɓa wadda makanikai ke kira kuros. Ƙarfe ne mai hannu huɗu, kamar mararrabar hanya. Gwafa biyu na ƙarfe ke riƙe da shi, kowace ta kama hannu biyu. Kan kowane hannu akwai ɗan kofi cike da siraran ƙarafa kamar allurai. Shi ke sa sandar ta yi ta juyawa ko da ta karkace.

ME YA SA AKE SA BIYU?

Kuros ɗaya in ya karkace ba ya juyawa daidai. A kowane zagaye sai ya yi sauri sau biyu, ya lafa sau biyu. In karkatar ta kai digiri 30, saurin kan ƙaru da kashi 15 cikin 100. Kuros na biyu shi ke gyara wannan, amma fa sai karkatarsu ta zo ɗaya, gwafannin tsakiya kuma suna kan layi guda. In ba haka ba injin zai kama karkarwa, ya cinye alluran.

ABIN DA ZA KA YI

1. A girke injin saiti da bayan tarakta, a wuri mai shimfiɗa.
2. A ɗura giris kowace safiya, don ƙurar casa na cin kuros.
3. A kashe tarakta, ka girgiza sandar da hannu. In ka ji ƙwas-ƙwas, a canja kuros.

HATTARA!

Sandar nan tana zagaye 540 a minti ɗaya, wato 9 a daƙiƙa guda. In ta kama bakin riga ko zane, ba ta saki. Kada a cire murfinta. Kada ka tsallake ta. Ka tuɓe babbar riga, ka kori yara nesa.

Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.