Adamu da Hauwa'u a ɗakin gwaji: Abin da ƙwayoyin gado suka faɗa

A farkon shekarar 1987 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley: Rebecca Cann, Mark Stoneking da Allan Wilson. Sun duba ƙwayoyin gado na mutum 147 masu asali daga nahiyoyi daban-daban, suka bi diddigin wani sashe da ake gada daga uwa kaɗai, sai suka tarar da cewa duk zaren ya tuƙe ga mace ɗaya da ta rayu a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka wuce. Nan take 'yan jarida suka raɗa mata suna Hauwa'u, kuma har gobe akan ji mai wa'azi yana kafa hujja da ita cewa kimiyya ta miƙa wuya.

Sai dai ba haka masu binciken suka ce ba. Matar ta rayu ne tare da dubban mata 'yan zamaninta. Abin da ya bambanta ta shi ne layinta na uwa zuwa 'ya bai taɓa yankewa ba. Macen da ta haifi maza zalla, wannan sashen kan tsaya ne a kansu, alhali jininta na ci gaba da gudana a jikoki, tamkar yadda sunan gida kan ɓace idan maigida bai bar ɗa namiji ba.

Haka lamarin yake ta ɓangaren maza. A 2013 an gano wani tsohon layin uba a jinin wani Ba'amurke baƙar fata, aka kuma samu irinsa a tsakanin ƙabilar Mbo ta yammacin Kamaru. Wannan ya mayar da "Adamun" masana baya, zuwa fiye da shekara 200,000, kuma babu shaidar cewa ya taɓa haɗuwa da waccan Hauwa'u.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan bambancin da ke cikin jinin bil'adama a yau. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa irin wannan bambanci ba zai fito daga mutum biyu rak a cikin 'yan dubban shekaru ba. Ƙiyasinsu na nuna al'umma mai dubban mutane. Ƙasusuwan Jebel Irhoud na Maroko, waɗanda a 2017 aka ƙiyasta shekarunsu da kusan 300,000, sun ƙara nesanta mafarin.

Amma gadon ƙwayoyi daban, nasaba daban. A 2004 Douglas Rohde da Steve Olson da Joseph Chang sun nuna ta hanyar lissafi cewa, saboda ƙaura da auratayya, mai yiwuwa kakan da duk mutanen duniya suka haɗu a kansa ya rayu 'yan dubban shekaru kacal da suka wuce. A kan wannan ne Joshua Swamidass, masanin kimiyya kuma Kirista, ya gina littafinsa na 2019. Ta ɓangaren Musulmi, Shoaib Ahmed Malik ya tattauna a littafinsa na 2021 ra'ayin cewa halittar Annabi Adamu mu'ujiza ce, nassi kuma bai yanke hukunci kan ko akwai wasu halittu masu kama da mutane kafin shi ba. Malamai da dama ba su yarda da wannan fahimta ba, kamar yadda Fafaroma Pius na 12 ya ƙi ra'ayin kakanni masu yawa tun a 1950.

Saboda haka wanda ya ce ɗakin gwaji ya tabbatar da Adamu ya wuce gona da iri, haka ma wanda ya ce ya ƙaryata shi. Abin da hujjojin suka raunana shi ne zaton cewa mutum biyu ne kaɗai a doron ƙasa shekara 6,000 da suka wuce, lissafin da Bishop James Ussher na Ayalan ya shahara da shi tun 1650. Ƙoƙon kan da Thurstan Shaw ya tono a Iwo Eleru, Jihar Ondo ta yanzu, a 1965, ya ninka wannan adadi.