"Decimate": Kalmar da ta Yar da Lissafinta a Hanya

Akwai wata kalmar Ingilishi da 'yan jarida da masu magana da yawun hukumomi a Nijeriya suka mayar gishirin miya, wato "decimate". Ambaliya ta ci gonaki, ita za a jawo. Cuta ta faɗa wa garke, ita ce. Sojoji sun gwabza da 'yan bindiga, ita ce dai. Ɗalibai ma sun ɗauka, domin nakan ci karo da ita a rubuce-rubucen da nake dubawa. Duk wanda na tambaya ma'anarta sai ya ce hallakarwa, ko yin mummunar ɓarna. Amsar daidai ce, sai dai rabin labarin ke nan. Sauran rabin shi ya kamata mazauna Jihar Kebbi su sani, domin sau da yawa gonakinmu da dabbobinmu da rayukanmu ake siffantawa da wannan kalma.

Asalinta daga harshen Latin ne, daga "decimus", wato "na goma". Tushensu ɗaya da sunan watan Disamba, wanda shi ne wata na goma a tsohuwar kalandar Rumawa. A rundunar sojan Rum, kalmar sunan wani hukunci ne mai tsanani. Idan ƙungiyar soja ta gudu daga fagen fama ko ta yi tawaye, sai a kasa ta goma-goma, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa a cikin kowane goma 'yan'uwansa tara su kashe shi. Marubucin tarihi Plutarch ya ruwaito cewa kwamanda Crassus ya zartar da wannan hukunci a yaƙinsa da bayin da suka yi tawaye ƙarƙashin Spartacus, kimanin shekara 70 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam: sojoji 500 aka ware, aka kashe 50. A Ingila kuma, a shekarar 1655, gwamnatin Oliver Cromwell ta ɗora wa magoya bayan sarauta harajin kashi ɗaya cikin goma na abin da suke samu, aka kira harajin da sunan da ya fito daga wannan kalma.

Ɗaya cikin goma ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu. Shi ne ushiri. Manomin Gwandu da ya girbe dami 100 na gero da ruwan sama ya shayar, ya san dami 10 zai fitar na zakka, kuma da dami 90 zai cika rumbunsa yana godiya ga Allah. Wanda ya shayar da gonarsa da wahalar ban ruwa, rabin ushiri ke kansa. Ashe da kalmar ta tsaya a kan ma'anarta ta farko, da an ce ambaliya ta yi wa gona "decimate" sai mai gona ya ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi.

Amma ba ta tsaya ba. Tun ƙarni na 17 masu magana da Ingilishi suka fara amfani da ita da nufin hallaka babban kaso na wani abu, kuma wannan ma'anar ce ta rinjaya a yau, har manyan ƙamusoshi suka karɓe ta. Har yanzu akwai masu tsaurin ra'ayi da ke ganin haka kuskure ne. Ni ban bi su ba. Kalma ba ta zaman gidan haihuwarta har abada. Mu ma muna da "sisi", wadda ta fito daga sunan kwabo shida na Turawan Ingila. An daina kashe wannan kuɗi tun bayan zuwan naira a 1973, amma wanda ya ce "ba ni da ko sisi" babu mai tambayarsa ina sauran kwabo biyar. Lambar ta mutu, kalmar ta rayu.

Ga ɗalibi mai son ya yi amfani da ita daidai, ga ƙa'idojin a taƙaice. Tana hawa kan abin da yake tari ne, mai iya raguwa: garke, runduna, al'umma, amfanin gona, daji. Ba a ɗora ta a kan mutum guda ko ɗaki guda. Tana nuna cewa an yi asara mai girma amma da saura. Saboda haka wanda yake nufin an shafe abu kakaf, babu ko iri, wata kalmar yake bukata, kamar "annihilate". Kuma mai rubutu ya guji haɗa ta da adadin da zai ƙaryata ta. Asarar kaji 3 cikin 200 ba ta kai a kira ta da wannan suna ba.

Tarihinmu yana da misalin da ya cika ma'anarta ta yau. Cutar bushiya ta shigo Afirka ta gabar Eritrea a 1887, tare da shanun da sojojin Italiya suka shigo da su, ta iso ƙasashenmu wajajen 1890 zuwa 1891. A wurare da dama ta kashe kusan tara cikin goma na shanu. Dubi yadda lissafin ya juye: hukuncin Rumawa ɗaya yake ɗauka ya bar tara, bushiya kuwa tara ta ɗauka ta bar ɗaya. Kalma guda ce Ingilishin yau ke siffanta su duka biyu da ita. Sai a 2011 aka sanar da kawar da wannan cuta daga doron ƙasa.

To, a nan ne damuwata take. Kalmar da za ta iya ɗaukar asarar kashi 10 cikin 100, ta kuma ɗauki kashi 90, tana da amo amma ba ta da ma'auni. A waƙa ko hira ba laifi. A rahoton da za a gina hukunci a kansa kuwa, akwai haɗari.

Mu ɗauki ambaliyar daminar 2020. Kebbi ita ce jihar da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a cikinta, a Birnin Kebbi, cikin watan Nuwamba na 2015, don haka manoma da yawa da bashi suka shuka. Ruwa ya zo ya kwanta a kan gonaki, ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce kimanin hekta 450,000 abin ya shafa. Wannan adadi ya fi kowace kalma amfani, domin da shi ake iya kwatanta shekara da shekara. Duk da haka bai wadatar ba. Fadamar da ta taso daga Argungu ta bi ta Birnin Kebbi da Kalgo ta gangara Bunza ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Mai gona a kwari yakan rasa komai, maƙwabcinsa na kan tudu ya tsira da rabi. Idan rahoto ya lulluɓe su da kalma guda, mai rabon agaji zai ba su buhu ɗaya-ɗaya, mai bin bashi kuma zai ƙwanƙwasa ƙofarsu rana ɗaya. Wanda ya fi jin jiki shi ne zai ƙwaru.

A fagen tsaro kalmar wani aikin take yi. Shekaru ke nan muna jin sanarwar cewa an yi wa 'yan ta'adda "decimate". Mai sauraro sai ya fahimci an gama da su, alhali kalmar ba ta yi wannan alkawarin ba. Idan aka sake kai hari, mai sanarwa yana da mafita: ai bai ce an ƙarar da su ba. Ba na raina jinin da jami'an tsaro ke zubarwa. Amma tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, mutumin ƙauye a jihar nan tambayarsa ɗaya ce: zan iya zuwa gona gobe? Kalma mai amo ba ta amsa wannan tambayar.

Nauyi na musamman yana kan masu fassara labarai zuwa Hausa. Harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fanni, kuma kalmominsa hawa-hawa ne. Ruwa ya taɓa gona daban, ya yi mata ɓarna daban, ya cinye ta daban, ya shafe ta daban. A gurgunta abokan gaba ba ɗaya ba ne da a ɗaiɗaita su, kuma ɗaiɗaitawa ba ta kai murƙushewa ba. Mai fassara da ya ga "decimate" ya ce "an murƙushe" ya ƙara wa labari abin da ba ya ciki. Wanda ya ce "an rage" kuma ya tauye shi. Mafita ita ce ya koma ga mai labarin ya tambaya: nawa cikin nawa? Idan an ba shi adadi ya faɗa. Idan ba a ba shi ba, ya ce an yi asara mai yawa, ya kuma sanar da mai sauraro cewa hukuma ba ta bayyana adadin ba.

Wannan tsantseni gadonmu ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, bayan tafsirinsa Liya'ut Ta'awil ya wallafa Bahrul Muhid a nahawu da Hisnur Rasin a sarafi, domin ya san wanda bai tantance kalma ba ba zai tantance hukunci ba. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi zaune a Kalgo, daura da fadamar da ruwa ke ci. Ɗalibanta, da yawansu 'ya'yan manoma ne, su ne za su rubuta rahotannin ambaliyar da ke tafe. Kirana gare su shi ne su yi amfani da kalmar idan ta dace, amma su biyo ta da lissafi: hekta nawa, a wace gunduma, kashi nawa na abin da aka shuka, magidanta nawa. Manomin da ke ƙirga daminsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya fitar da haƙƙin Allah ya cancanci a ƙirga asararsa da irin wannan amanar.

Allah Ya tsare mana gonakinmu da garkunanmu, Ya ba mu damina mai albarka.