Manomin inabin da ya ƙi yin feshi har aka kai shi kotu

Yau Faransa za mu leƙa, garin Beaune a yankin Burgundi, gonar inabin wani iyali. Kafin wani ya ce min "Malam, giya kuma?", ku kwantar da hankali, ba tallarta na zo yi ba. Rigimar noma ce a ciki.

Sunan manomin Emmanuel Giboulot. Gonarsa wajen hekta 10 ce, kuma tun zamanin mahaifinsa, a shekarun 1970, gidan ya rabu da takin zamani da maganin ƙwari na sinadari. An fi saninsa da farar giya, wadda yake yi da inabin Chardonnay. Farar giya dai matse inabi ake yi a ware ruwan daga ɓawon kafin ya tsimu, domin launin ja daga ɓawo yake fitowa.

To, akwai wata cuta da Faransawa ke kira flavescence dorée. Ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, 'ya'yan su yanƙwane, kuma ba ta da magani. Itacen da ya kamu tuge shi ake yi, sabon dashe kuwa sai ya yi shekara uku kafin ya ba ka wani abin kirki. Wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan ganye ne ke kai ta daga itace zuwa itace. Da ta ɓulla a kudancin Burgundi, sai hukuma a 2013 ta ce kusan kowane mai gonar inabi a lardin Côte-d'Or dole ya yi feshi.

Giboulot ya ce shi kam a'a. Hujjarsa: ba a ga cutar a gonarsa ba. An ce ai ga maganin da ake yi da furen wani tsiro, wanda dokar noman da babu sinadari ta yarda da shi. Ya ce wannan ma ba ya tantance ƙwaro, har zuma da ƙwarin da ke cinye masu ɓarna yake kashewa, alhali su ne masu gadin gonarsa.

A lokacin, laifin na iya kai mutum kurkuku wata shida da tarar yuro 30,000. Mutane sama da 500,000 suka sa hannu a intanet suna mara masa baya. A Afrilun 2014 kotu a Dijon ta ci shi tarar yuro 1,000, rabi a dakace. A Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Amma ku lura, ba cewa ta yi feshi kuskure ne ba, umarnin hukumar ne ta ce bai bi ƙa'ida ba.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, har cikin manoman da ba sa amfani da sinadari an samu waɗanda suka ƙi bin sa. Kuma ina ganin suna da magana. Ƙwaro bai san iyakar gona ba. In ya hayayyafa a taka, gobe yana ta maƙwabcinka, shi ma da iyali a wuyansa. Sai dai tilasta wa kusan lardi guda feshi, har inda ba a ga cutar ba, ni ma ya yi min yawa.

Ku da kuna gefen gonarsa, me za ku ce masa? Ku rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.