Karen Bengu a Gaban Kyamara

Duk wanda ya karɓi wayar wani saurayi a Bengu ya shiga duba hotunan da ke ciki zai ga ragon layya, da sabon babur, da buhunan dankali an jera a bakin hanya ana jiran motar Gaya ko Doso, wataƙila har da san huɗa an ɗauke shi ta gefe don tozo ya fito. Da wuya ya ga kare. In ma ya gan shi, ba shi aka nufa ba: wutsiya ce ta faɗo a gefen hoton biki, ko wani abu mai ƙafa huɗu yana ratsawa ta bayan mutane. Alhali shi ne ya kwana a gonar da aka haƙo dankalin nan, shi ya hana gafiya da ɓarawo sakat.

Karen wannan yanki na Dandi siriri ne, mai dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, gashinsa gajere har ana ƙirga haƙarƙarinsa in ya ja numfashi. Launinsa yawanci na ƙasar da ya taso a kanta ne, ja-ja ko ruwan toka, sau da yawa da fari a ƙirji da ƙarshen wutsiya. Yunwa tana da nata kaso a wannan rama, amma ƙira ce ta ƙasar zafi. Kare ba ya gumi irin na mutum sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarsa. Da haki yake fitar da zafi, shi ya sa a watan Afrilu za ka same shi harshe waje a ƙarƙashin amalanke. Bengu kuwa ta yi masa gata, don tana cikin kwarin dallol inda ruwa ba ya da nisa. Sai ya je gefen rijiyar lambu ya tona da ƙafafun gaba har ya taɓo damshi, ya zagaya ramin, ya shimfiɗa cikinsa a kai, ya ɗora haɓa bisa ƙafa, kunne ɗaya a miƙe yana gadi.

Mun saba ɗauka cewa kare na gaske shi ne wanda ake sayowa da tsada a Yamai ko Kano ko Kwatano, na gida kuma tarkace ne. A 2009 Adam Boyko da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell da ke Amurka suka fitar da sakamakon gwajin jinin karnukan ƙauye na Masar da Yuganda da Namibiya, suka nuna cewa akasarinsu ba ɓurɓushin karnukan Turawa ba ne, tsatso ne na nahiyar nan mai daɗaɗɗen asali. Daga kwarin Azawak kuma, tsakanin Nijar da Mali, aka fitar da karen Abzinawa zuwa Turai a shekarun 1970. Yau yana da takardun asali, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerinta a 2019, ana kunna masa fitilu ana ɗaukarsa hoto. Na kudu, wanda in ka jera su za ka ga kamannin ƙira, hoge ne rabonsa. Wannan yana damuna.

Bakin Bahaushe dai bai taɓa rabuwa da kare ba, kuma yawanci ba da yabo ba. In zagi ya yi muni, a ce ko kare ba zai ci ba. In azzalumi ya samu sarari, a ce yana cin karensa babu babbaka. In faɗa ya kai faɗa, kare jini biri jini. Mai hassadar wanda ya fi ƙarfinsa kuwa, kare ka mutu da haushin kura. Amma a cikin rainin akwai lura mai kaifi. Wanda ya fara cewa in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, lallai ya zauna ya kalli kare da idon basira. Ya gane hanci ke yi wa dabbar nan jagora, kuma niyyarta tana bayyana a jikinta kafin ta aikata. Masana sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin jin ƙanshi a hancin mutum kusan miliyan 6 ne, na wasu karnuka kuwa suna kaiwa miliyan 300. Mai son hoton dabba da wannan karin magana zai fara aiki, domin wanda ya jira sai kare ya ɗauki takalmin kafin ya danna, ƙura kawai zai samu.

Akwai tatsuniyar da ake ba yara daga nan har bakin teku, ta jaki da akuya da kare da suka shiga mota ɗaya. Jaki ya biya kuɗinsa cif, shi ya sa har gobe ba ya matsa wa mota daga kan hanya. Akuya ta sulale ba ta biya ba, shi ya sa da ta ji ƙugin inji take arcewa. Kare ya ba da babban kuɗi, direba ya ja mota ba a ba shi canji ba, to shi ne yake bin kowace mota da haushi. Masana ɗabi'ar dabbobi za su ce halin farauta ne, duk abin da ya gifta da gudu sai ya bi. Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, a cikin ukun nan, wanda aka cuta shi ne kare, kuma masu tatsuniya sun san haka.

Ba a maganar kare da hoto a ƙasar Musulmi a tsallake addini, don akwai hadisin da ya haɗa su biyun wuri ɗaya cikin abubuwan da ke hana mala'iku shiga gida. Wannan ne babban dalilin da ya sa ba za ka ga hoton kare a bangon ɗakin kowa ba, kuma abin a girmama ne. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun yi bayani dalla-dalla. A wurinsu kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. An halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona, su ne kuwa ayyukansa a Bengu. Sun kuma bambanta gunki mai inuwa da surar da ke shimfiɗe a kan takarda. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo, wanda masu tafsiri ke kira Ƙiɗmir, a kwance bakin ƙofa ya miƙe ƙafafun gaba, kwanciyar da kowane ɗan ƙauye ya sani. Ga kuma labarin mutumin da ya cika huffinsa da ruwan rijiya ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa.

Wahalar aikin tana farawa ne daga tsugune. Hoton da aka ɗauka a tsaye, daga sama, ba ya nuna komai sai bayan kare da ƙasa; dabbar tana fitowa a ƙasƙance, kai babba, ƙafafu guntaye. Elliott Erwitt, Ba'amurken da aka haifa a birnin Faris a 1928 ya rasu a 2023, ya yi suna da hotunan karnuka ne saboda ya sauko da kyamara daidai idonsu. Hotonsa na 1946 a birnin New York, ɗan mitsitsin kare sanye da rigar sanyi, ba a ganin komai na matar da ke tare da shi sai ƙafafu da takalmi. Amma karnukan Erwitt ba su taso da jifa ba. Karen ƙauyenmu ya koya tun yana kwikwiyo cewa in ɗan Adam ya sunkuya, dutse zai ɗauka. Da ka durƙusa ka ɗaga wani baƙin abu saitin fuskarka, ya cusa wutsiya tsakanin cinyoyi ya bar maka wurin. Motsin da hoto ke buƙata shi ne daidai motsin da muka koya masa tsoro.

Maganin ba a kyamara yake ba. Sai ka fara zama tun kafin ya iso, a gefe, ba fuska da fuska ba, don a wurin kare ƙura ido neman faɗa ne, gilashin kyamara kuma ƙaton ido ne da ba ya ƙiftawa. Ka ajiye na'urar a kan gwiwa, ka shiga hira da mai gonar, ka bar iska ta kai masa warinka. Zai zagayo ta baya, ya miƙo wuya ƙafafunsa na can nesa don gudu ya yi sauƙi, ya shinshini takalminka, ya ja da baya. Ka ƙyale shi. In ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ko yana lasar leɓe, ko ya kau da kai farin idonsa ya fito, a takure yake, ka ƙara masa fili. Kaɗa wutsiya ma ba kullum maraba ba ce; wutsiyar da ta miƙe sama a sandare tana rawa kaɗan-kaɗan gargaɗi ce. Wani karen a wuni ɗaya yake sakin jiki, wani sai ka yi ta dawowa. Karya mai shayarwa kuwa a bar ta da 'ya'yanta. Kwanaki 63 take ɗauke da cikin, 'ya'yan su fito ido rufe har wajen mako biyu, kuma a wannan tsakani ba ta san sabo ba.

Erwitt yakan yi wa karnuka haushi da bakinsa don su ɗaga kunne. Dabarar tana ci, don baƙon sauti yana sa kare ya karkata kai. Amma sau ɗaya ko biyu take ci, daga nan ya gane ba komai.

Sai haske. Da tsakar rana ba a samun abin kirki: kare launin ƙasa a kan ƙasa, rana ta daki farar ƙasar gishiri irin ta Foga ta dawo ido, komai ya wanke. Da hantsi ko bayan la'asar ne haske ke zuwa a kaikaice ya fitar da kowace jijiya ta cinyarsa, musamman in bayansa akwai duhun gonar rake ko gindin giginya. Hazon hunturu yana tausasa haske, sai dai ƙurarsa tana shiga na'ura. Baƙin kare, wanda dama camfi ya ɗora masa aljanu, shi ya fi wuya, don kyamara takan mai da shi dunƙulen duhu marar ido sai an ƙara mata haske da hannu. Da dare kuma in ka kunna walƙiya, idanunsa su fito kore shar suna ƙyalli. Babu iska a ciki: wani shimfiɗi ne a bayan ƙwayar idon da ke mayar da haske, shi ke ba shi gani a duhu. Ita ma na'urar tana da nata son zuciya, takan kama tsinin hanci ta bar ido dishi-dishi, alhali hoton da ido bai fito ba ya mutu.

Gudu ne ƙololuwa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma kare mai dogayen ƙafafu in ya saki jiki akwai lokacin da duk ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa. Ido ba ya kama wannan. Sai a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a Kalifoniya ya nuna haka a kan doki, a 1887 kuma ya fitar da babban kundinsa na motsin dabbobi har da karnuka. Yau mai son tsayar da kare a sama yana buƙatar kyamarar da ke ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. Mai ƙaramar waya kuma sai ya bi karen da hannu yana juyawa tare da shi, baya ya watse, jikin ya ɗan fito. Wani lokaci wannan ya fi nuna gudun.

Akwai abin da ba a wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara. A wuri irin wannan, inda dabbobi ke ratsa iyaka tsakanin Kamba da Gaya da Malanbil ba mai tambayarsu takarda, karen da ba a san mai shi ba, ko mai dalalar da miyau yana tangaɗi, ba abin ɗauka hoto ba ne. In an yi cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a nufi likita ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Shi ya sa hanya mafi kyau ita ce ta wurin mai kare, musamman mafarauci da rani. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Baba, karen nan naka nake so in ɗauka hoto." Zai dube ka ya ce, "Kare kuma, ɗana? Ga mutane ba ka ɗauka ba?" Amma ka ɗan saurara. Zai kira shi, ya kama kunnen da ya yage ya faɗa maka abin da ya yaga shi, ya nuna tabon kafaɗa, ya gaya maka uwarsa da irin gudunta. Karen bana shi ke maganin zomon bana, karnukan ƙauye kuwa ba sa daɗewa a duniya. Wannan tarihi a bakin mutum ɗaya yake. Daga ƙarshe zai gyara hula ya ce a ɗauke su tare. Karen ba zai kalle ka ba, ubangidansa zai kalla, kuma kada ka yi ƙoƙarin juyo da shi. Danna a haka, sannan ka tambayi sunan karen ka rubuta, da shekarar, da aikin da yake yi.