Sabunta Tsarin Kwamfuta da Makomar Tsofaffin Matanin Hausa

A shekarar 2019 kamfanin Apple ya fitar da macOS Catalina, wanda ya daina karɓar manhajoji masu bit 32. Nan take irin su Word 2011 suka ƙi buɗuwa. Ga manazarcin Hausa, matsalar ba ta tsaya nan ba. Kafin yaɗuwar Unicode, akan buga ɓ, ɗ da ƙ da zubin haruffa na musamman, wanda ke ɗora su a gurbin wasu alamomi. Idan sabon tsari ya rasa wannan zubi, sai haruffan su rikiɗe su koma alamomin asali, matani ya dagule. Saboda haka, ya wajaba a mayar da kundaye da ƙamusoshi zuwa Unicode tun tsohuwar kwamfutar tana aiki.