Yadda Samari Huɗu Suka Buga Faifai Da Rancen Fam 500

Duk saurayin da ya taɓa riƙe jita a Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa a shekarun 1970 ya san inda gizo ke saƙa. Iya kiɗa daban, samun faifai daban. Manyan kamfanonin faifan garmaho, watau EMI da Decca da Philips, duk a Ikko suke, kuma in ba su ga dama ba, waƙar mutum ba za ta wuce zauren otel ɗin da yake wasa ba. To, ashe samarin birnin Mancesta na ƙasar Ingila ma haka suka yi fama da kamfanonin London, har wata ƙungiya da ake kira Buzzcocks ta ɓullo da wata dabara.

Howard Devoto da Pete Shelley ɗalibai ne a wata kwalejin fasaha ta garin Bolton. A farkon 1976 suka ji labarin wani sabon kiɗa da ake ce wa "punk", mai sauri da ƙara da tsiwa, wanda ba ya bukatar gwaninta mai yawa. Su ne suka gayyato ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasa a Mancesta ran 4 ga watan Yuni na shekarar. Mutanen da suka halarta ba su cika ɗakin ba. Daga nan suka sami Steve Diggle da wani yaro mai shekara 16, John Maher, wanda ya riƙe ganguna.

Kamfanoni ba su kula su ba. Dama kuwa lokacin ana ɗari-ɗari da irin wannan kiɗa, don a watan Janairu na 1977 kamfanin EMI ya sallami Sex Pistols bayan sun yi ashar a talabijin. Sai Buzzcocks da manajansu Richard Boon suka bi 'yan'uwa da abokai suna rance har suka tara kamar fam 500. Ran 28 ga Disamba 1976 suka shiga ɗakin ɗaukar murya tare da Martin Hannett, suka ɗauki waƙoƙi huɗu a yini guda. Suka raɗa wa kamfaninsu suna New Hormones, ko da yake kamfanin bai wuce su da Boon ba. Hoton bangon faifan ma Boon ne ya ɗauka da kyamarar Polaroid.

Faifan, mai suna Spiral Scratch, ya fito ran 29 ga Janairu 1977. Guda 1,000 aka fara bugawa, ana tsoron kada su yi kwantai kuɗin mutane ya nutse. Ta gidan waya da ƙananan kantuna irin su Rough Trade na London aka riƙa sayarwa, har aka sayar da wajen 16,000. A bayan bangon sun rubuta ko sau nawa aka maimaita kowace waƙa kafin a ɗauka, kamar dai suna ce wa mai saye babu wani asiri a cikin aikin. A ganina wannan ya fi waƙoƙin kansu tasiri. A shekarar nan wata ƙungiya, Desperate Bicycles, ta buga nata faifan da fam 153 kacal, sa'an nan a 1978 Rough Trade ya zama kamfanin faifai, aka kuma kafa Factory Records a Mancesta.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka sun dawwama a haka. Devoto ya bar ƙungiyar faifan na fitowa, ya kafa wata mai suna Magazine. Sauran kuwa suka ga buga faifai bai kai rarraba shi da karɓo kuɗi daga kantuna wuya ba. A watan Agusta 1977 suka sa hannu da babban kamfanin United Artists, kuma a can suka yi waƙar da ta fi shahara, wadda ta kai ta 12 a jerin waƙoƙin Ingila a 1978. Suka watse a 1981, suka sake haɗuwa a 1989. Shelley ya rasu a ƙasar Estoniya a watan Disamba 2018.

A nan gida, ɗan kasuwa ne ya fi cike wannan gurbi, ba makaɗi ba. Kamfanin Tabansi na Anaca, alal misali, shi ya fitar da faifan da ya ɗaukaka Majek Fashek a 1988. A Arewa kuwa kaset ne ya sauƙaƙa abin, don da rikoda biyu mai shago a kasuwa yana iya kwafar waƙa ya sayar, ko mai waƙar ya sani ko bai sani ba.